Kafar da Kafinta Ya Toshe

Ana dab da kiran magariba Kafinta ya jingina tsani a bangon gidansa, guduma a ƙugu, ƙusoshi a baki, ragar waya a hammata. Aikin bai taka kara ya karya ba. Wata kafa ce a ƙarƙashin kwano, daidai inda reshen mangwaro yake gogar rufi, ta nan ɓeraye da kurege suke shiga saman silin suna tsere kamar da su aka gina gidan.

Matarsa ce ta matsa masa. Haihuwarta ta fari ke nan, ga jaririya mai saurin farkawa, ga guje-guje a saman kai. "Rufin kowa ka gyara, Maigida," ta ce, "namu kuwa sai ɓeraye sun cinye wayar wuta mun ƙone tukuna." Ya yi dariya, amma maganar ta ci masa rai.

Kafinta ya san ƙa'idar aikin, shi ne ma mai koya wa mutane. Ba a toshe kafa haka kawai. Takarda ake cusa mata a bar ta kwana biyu. In ta motsa, akwai mai shige da fice, sai a jira. In kuwa wata ta haihu a ciki, a bari 'ya'yan su yi ƙwari su fita da ƙafarsu. To amma ran nan a gajiye yake, kuma ba ya son wani gorin. Yana hawa ya ga wata macen kurege ta fito ta bi reshe ta sauka. Ya ce yawwa. Ya shimfiɗa raga ya kama bugu.

Saura ƙusa ɗaya ya ji su. Tsiit. Tsiit. Siririn kuka daga cikin duhun silin, kuma ba murya ɗaya ba.

Ya tsaya da guduma a sama. Ya ji, ba ko shakka. Ya dubi ragar, aiki ya yi kyau, ga shi an soma kiran salla. Ya buga ƙusar. Ya sare reshen ya sauko.

"An gama?" in ji matarsa.

"An gama. Ba komai a ciki."

Daga yammacin nan jaririya ta ƙi nono. A kai mata baki ta kau da kai. Nonon ya cika ya yi tauri, uwar tana matsewa tana hawaye. Suka je asibiti, likita ta duba baki, ta duba ciki, ta ce ba ta ga komai ba, a gwada madara. Madarar ma ta ƙi. Yarinyar da take cika gida da kuka ta soma ramewa, muryarta tana sirancewa.

Kukan saman silin ma yana sirancewa. Kullum rana ta faɗi sai a ji ana kartar ragar daga waje. Ƙarr. Ƙarr. Matarsa ta ce mene ne wannan, ya ce iska ce, ya ƙara wa rediyo murya. Kunya ce ta hana shi hawa, don hawan yana nufin ya yi ƙarya. Mutum ne mai tausayi a bakin kowa, amma ya zauna yana cin abinci a ƙarƙashin kukan nan.

Sai wari ya fara saukowa.

Wata magariba matarsa ta miƙa masa yarinyar ta tafi ɗora ruwa. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta buɗe ɗan bakinta za ta yi kuka.

Tsiit.

Tsigar jikinsa ta tashi. Ya kwantar da ita, ya shigo da tsani tsakar falo, ya ɗauki tocila da kurfin cire ƙusa, ya ture murfin silin ya shiga.

Zafi ya buge shi, da warin fitsarin ɓera, da wani warin da ya fi shi. Ya rarrafa a kan katako, ƙura tana shiga masa hanci. Can kusa da kafar ya ga sheƙar: tsummoki, busassun ganye, da 'yar hular jaririya da suka neme ta suka rasa.

'Ya'yan kurege ne huɗu, ko ido ba su buɗe ba. Uku sun sandare, kiyashi ya rufe su. Ɗaya yana motsa baki.

Ƙarr.

Ya haska ragar.

Yatsu ne. Yatsun mace, dogaye, faratan duk sun fiffige, jini ya bushe a jikin wayar. Tsaninsa yana falo. Reshen kuwa shi ya sare shi da hannunsa. Babu abin da mutum zai taka a wajen.

Wani ido ya matso jikin ragar, baƙi ƙirin, ba fari a ciki.

"Kafinta."

Ya nemi addu'a, harshensa ya yi nauyi.

"Ka ji su?" Muryar a hankali take, ta dushe da kuka.

Ƙarya ta zo masa har baki. Ta kasa fita.

"Na ji."

"Ka kuma buga."

"Na buga."

"Buɗe."

Ya sa kurfi ya danna. Aikinsa ne, ya yi ƙarfi. Ya sa hannu ya tura, waya ta yage masa tafi, ƙusoshi suka fita ɗaya bayan ɗaya.

Hannun ya shigo. Ya yi ta shigowa.

Kafinta ya ɗora mai ran a tafin.

"Sauran."

Ya ɗora su. Yatsun suka shafa kowanne, suka jijjiga shi, suka jira. Shiru. Sai wani nishi ya fito daga wajen, irin wanda ya taɓa ji a bakin uwa ranar da aka fita da gawar ɗanta.

"Ɗaya ka mayar mini," in ji muryar. "Ɗaya zan bar maka."

Yatsa mai sanyi ya taɓa masa goshi.

Ya ja da baya a firgice, gwiwarsa ta kuskure katako, silin ya ɓurma da shi. Ya faɗo tsakar ɗaki, hannu ya karye, ƙura ta turnuƙe. Yana kwance ya ji yarinyar ta tsala kuka, cikakken kukan ɗan mutum. Matarsa ta sheƙo ta sure ta. Can sai ya ji tana cewa, "Ta kama! Maigida, ta kama nono!"

Yarinyar ta rayu, ta yi ƙiba, yanzu har ta shiga makaranta. Hannunsa ya warke. Ya gyara silin, amma kafar nan bai ƙara kusantarta ba, mangwaron ma ya sake miƙo reshe.

Ciki uku matarsa ta yi bayan nan, duka suka zube. Likitoci ba su ga dalili ba. Ranar da suka dawo daga asibiti bayan na ukun, ta zauna a bakin gado ta kama hannunsa.

"Ka yafe mini, Maigida. Laifin jikina ne, ba ya riƙewa."

Ya kau da kai. A saman kansu wani abu ya ruga daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Ta share hawaye ta ɗaga kai. "Wai yaushe za ka toshe kafar nan?"

"Gobe," in ji shi.