Haƙoran Filaya a Sandar Shakazoba

Kafin azahar maganar ta zagaye gari: wani bakanike ya ɓoye kayan gyara na kamfani, ya maƙala na kasuwa a motar likitan dabbobi, motar ta ƙwace a kwana ta daki ƙarfen gada, matar likitan tana asibiti da karaya biyu. Kayan kasuwa kisa ne, in ji jama'a, bakanike kuwa ko gaisawa kuka yi ka ƙirga yatsunka. Rabin masu faɗar haka da kayan kasuwa motocinsu ke yawo shekara da shekaru, amma wa ke tuna wannan in labari ya yi daɗi?

Sufeto ta ji labarin sau uku kafin ta isa ofishin 'yan sanda, kowanne da ƙarin gishirinsa. Saura mata wata bakwai ta yi ritaya. A shekara talatin na aiki ta koyi abu ɗaya: maganar da kowa ya yarda da ita cikin awa guda, ita ce ta fi bukatar a ɗaga a duba ƙarƙashinta.

Ta tarar da likitan a gaban kanta yana dukan teburi.

"Da hannuna na sayo! Na kamfani, a kwalinsu, da hatimi!"

"A hankali, likita. Ni ba saniya ba ce da za ka yi wa tsawa. Me ka sayo?"

"Mazaunin shakazoba. Guda biyu, na gaba."

Sajan ya matso, don ba ya barin damar nuna sani ta wuce shi. "Wani farantin ƙarfe ne mai roba, ranki ya daɗe. Shi ke riƙe kan shakazoba a jikin mota. In ya saki, taya ta tafi inda ta ga dama. Na kasuwa kam, ai ko kyauta aka ba ni..."

"Wanne ne a taka motar?"

Sajan ya sosa ƙeya. "Ban taɓa dubawa ba."

"To yi shiru. Likita, yaushe aka yi gyaran?"

"Kwana goma sha biyu ke nan."

"Ban da kai wa ke tuƙa ta?"

"Ni da matata. Ko makullin ba na bari wani ya riƙe."

Shugaban ofishin ya leƙo daga ƙofarsa. Bakaniken yana sel tun safe, an riga an jefe garejinsa da duwatsu, kuma gobe da safe yake so a kai fayil kotu, a tuhume shi da zamba da ganganci.

"Magana a buɗe take, Sufeto. Kada ki ja ta."

"Yallaɓai, ko motar ba wanda ya buɗe."

An jawo motar an ajiye a bayan ofis, gabanta a murɗe, tayar dama ta shige ciki. Sajan da wani kofur suka banƙare bonet da ƙarfe. Sufeto ta gyara tabarau ta sunkuya.

"Ga shi nan!" in ji Sajan. "Ba tambarin kamfani. Na kasuwa ne, ɓangare biyun."

"Na gani. Nuna min inda ya karye."

Ya duba. Ya taɓa robar, ya danna farantin, ya haska da wayarsa. Ba tsaga, ba yagewa.

"Watakila ta ciki ya..."

"Watakila ba ta shiga fayil. Wannan ramin na tsakiya fa? A hagu akwai noti. A dama ina yake?"

Babu shi. Sandar shakazobar da ya kamata notin ya riƙe ta zame ƙasa. Da aka zaro ta, jikinta duk shaidar cizo ne, layi-layi, kamar wani abu mai haƙora ya yi ta kamawa yana kuɓucewa.

Sufeto ta goga yatsa a kan farantin. Dattin da ya fito tsohon datti ne, wanda ya daskare da mai.

"Kwana goma sha biyu ba ya tara wannan. Abin nan ya daɗe yana aiki."

Bakaniken dogon mutum ne mai furfura a gemu, Dogo ake ce masa. Aka fito da shi ɗakin tambaya leɓensa a kumbure.

"Wa ya dake ka?"

"Jama'a, ranki ya daɗe. Har da wanda na gyara wa birki kyauta."

"Me ka sa wa motar likita?"

"Abin da ya kawo. Ni fa tun farko na ce masa akwai na kasuwa mai kyau, ba jabu ba, wanda nake sa wa mutane ba wanda ya taɓa dawowa. Ya ce shi ba ya haɗa lafiyar iyalinsa da kayan gwanjo. Na ce to, kuɗinka ne. Motar nan tun tana hannun mai ita na farko..."

"Dogo, ba tarihinta na tambaye ka ba. Da me zan gane kai ka sa?"

"Fentina. Duk notin da na ɗaure sai na ja masa layin fenti rawaya, daga kan notin zuwa jikin farantin. In ya motsa, layin zai rabu. Shekara ashirin haka nake yi."

"Ba fenti a motar."

"To ba aikina ba ne."

"Kowa zai iya faɗar haka," in ji Sajan. "Mai yiwuwa ba ka canza komai ba, ka bar tsofaffin, ka sayar da sababbin."

"Tsofaffin suna but ɗin motar likita. Ba na riƙe tsohon kayan mutum. A kwalin sabon nake sa shi in mayar masa."

Sufeto ta ɗora sandar a kan teburi. Dogo ya ɗauka ya juya, fuskarsa ta yamutse kamar an zage shi.

"Filaya! Wane jahili ne ya kama wannan da filaya? Notin da sandar tare suke juyawa. Sai ka sa ɗan makulli a kan sandar ka riƙe ta, sannan ka ɗaure. Wanda bai sani ba sai ya kama da filaya, tana zamewa, shi yana jin ya ɗaure. Kwana kaɗan notin ya warware da kansa. Ranki ya daɗe, a kai ni kotu a kan sata na ji, amma kada a ce ni na yi wannan."

Aka buɗe but ɗin. Ƙarƙashin takalman roba da igiyoyin ɗaure dabbobi, ga kwalaye biyu masu hatimin kamfani. A cikinsu tsofaffin mazaunai ne, robarsu ta yage, kuma su ma na kamfani ne, waɗanda motar ta zo da su.

Sajan ya tsaya yana kallo. "To in tsofaffin ga su, sababbin ba sa nan, waɗannan na jikin motar daga ina?"

"Yanzu ka fara aiki, Sajan. Daga wata motar irinta."

A asibiti matar likitan tana kwance, ƙafarta a rataye. Mijin yana gefe yana ba ma'aikatan jinya umarni. Sufeto ta aike shi ya nemo likitan ƙashi, duk da ba ta da abin da za ta tambayi likitan ƙashi.

"Sannu, 'yar nan. Ya jiki?"

"Da sauƙi, Mama."

"Bayan gyaran, wa ya tuƙa motar?"

"Ni da maigida."

"Maigida bai yi tafiya ba?"

"Ya je rigakafin shanu kwana biyu. Da motar ofis."

"Motar gida fa?"

"Tana gida."

Ta faɗa tana kallon silin. Sufeto ta ja kujera ta zauna, ta cire tabarau ta goge.

"Ni na haifi kamarki, kuma na san idon mai rufa wa wani asiri. Akwai mutum a sel da leɓe a fashe. Gobe kotu. In ya shiga, shekaru zai yi, garejin kuma ya mutu. Ki gaya min, sannan ki yi kukanki."

Kukan ne ya riga zuwa.

"Auta ne. Ƙanena. Ya ce zai kai ta wanki ya dawo. Maigida ya hana a ba shi makulli, shi ya sa ban faɗa ba. Amma wanki kawai ya kai ta, Mama, wallahi."

"Awa nawa ya yi?"

"Tun safe... har la'asar."

"Lallai ta wanku. Wace irin mota gare shi?"

"Irin tamu ce. Launi ne kawai ya bambanta."

Ba su sha wahalar nemansa ba. Suna fitowa harabar asibitin wata mota ta shigo, tana hawa kan tudun rage gudu gabanta ya yi ƙwas-ƙwas. Wanda ya fito mutum ne mai shekara talatin da 'yan kai, riga a goge, takalmi na sheƙi, da kwandon abinci a hannu. Likitan, da ya dawo ba tare da likitan ƙashin ba, ya tare shi.

"Auta, sai yanzu? Yayarka na jin yunwa kana can kana shafa turare."

"Yaya, layin mai na tsaya. An kai ɓarawon bakaniken kotu? Ai na sha faɗa muku, kayan kasuwa ko a keken ɗinki ba na yarda da shi. Ni agogona ma..."

"Malam," in ji Sufeto, "ranar da ka karɓi motar yayarka ina ka kai ta?"

Likitan ya juya a hankali. "Ya karɓi me?"

"Wanki," in ji Auta. "Wanki kawai."

"Wane wajen wanki?"

"Na bakin titi. Ban riƙe sunan ba."

"Ka taɓa gyaran mota?"

"Ni? Ko sifana ban san yadda ake riƙewa ba."

"Wannan na yarda. Buɗe mana bonet."

"Makullin bonet ɗin yana ɗan..."

Sajan ya zura hannu ta taga ya ja. Bonet ya ɗago.

Mazaunai biyu sababbi fil, da tambarin kamfani. A jikin kowane faranti akwai guntun layin fenti rawaya, ya taho ya tsaya a bakin noti, ragowar layin da ke kan notin kuma ya kauce gefe. Sajan ya sa yatsa biyu ya murɗa na hagun. Ya juya kamar murfin kwalba.

"Da wannan kake ɗaukar 'ya'yanka zuwa makaranta?" in ji Sufeto.

Auta ya ajiye kwandon a ƙasa. Ya kalli likitan, ya kalli taya.

"Ba sata na yi niyya ba. Wata uku motata na wannan ƙarar. Duk wanda na tambaya sai ya ce na kasuwa ne a ciki, shi ya sa. Sai ga Yaya ya sayo na kamfani, ya zo yana yi min gori. Na ce bari in musanya in gwada. Mota iri ɗaya ce, nawa kuma lafiyarsu lau, ba wanda zai gane."

"Lafiyarsu lau, amma ka cire su."

"Ai na kasuwa ne."

Sufeto ta runtse ido na ɗan lokaci. "Wa ya taya ka?"

"Ba kowa. In na kai gareji magana za ta fita. Na aro abin matse sifirin, na kalli bidiyo a waya. Mutumin ciki minti takwas ya yi."

"Da filaya ya kama sandar?"

"Wani ɗan makulli ya sa. Ni ba ni da irinsa."

"Ƙarar ta tafi?"

Auta ya sake kallon taya.

"Ina tambayarka. Bayan ka sa na kamfanin, ƙarar ta tafi?"

"Ba ta tafi ba."

Likitan ya ɗaga hannu zai mari Auta, Sajan ya riƙe shi. Bai yi gardama ba. Ya zauna a kan dakalin fulawoyi, yana maimaita "yayarka, yayarka ta ciki ɗaya," kamar mai karanta abin da bai gane ba.

"Auta, ka ji ana cewa an kama Dogo," in ji Sufeto. "Ka ji an jefe garejinsa."

"Na ji."

"Ka yi shiru."

"Kowa ya riga ya ce shi ne, ranki ya daɗe."

Kofur ya sa masa ankwa. Da za a shigar da shi motar 'yan sanda ya waigo ya ce a kai wa yayarsa abincin kafin ya huce. Sajan ya ɗauki kwandon.

Kafin a tashi aiki aka saki Dogo. An jawo motar Auta ofis a matsayin shaida, kuma Dogo bai iya wuce ta ba. Ya durƙusa ya girgiza tayar, ya leƙa ƙasa, ya ce wata 'yar roba ce ta cinye a can, ita ke ƙarar, aikin minti goma. Likitan ya zo ya tsaya a gabansa yana neman kalmar da zai fara da ita. Dogo ya karɓi belt ɗinsa da wayarsa a kanta, ya tambayi Sajan ko an san wanda zai biya gilashin garejinsa. Ba a sani ba.

Shugaban ofishin ya karɓi rahoton yana ɓata rai, don fayil ɗin da ya shirya ya zama takardar shara.

"Duk wannan dogon bayani. A taƙaice, Sufeto, wanne ne ya jawo hatsarin, na kamfani ko na kasuwa?"

Ta nuna masa layi uku na ƙarshe.

Mazaunan kamfani guda biyu: an duba, ba su da lahani. Mazaunan kasuwa guda biyu: an duba, ba su da lahani. Notin tsakiya na ɓangaren dama ba a ɗaure shi ba, kuma ƙanin matar ne ya sa shi.