Lambar Ƙarfe a Wuyan Baƙar Mussa

Rana ta yi ja, Atika tana tankaɗen gero a tsakar gidansu na Ƙofar Kware, sai dutse ya faɗo cikin ƙwaryarta. Ta ɗaga kai. Babu kowa bisa katanga. Na biyu ya fasa randa. Kaji suka shige akurki tun lokaci bai yi ba, gida ya yi tsit, sai wata murya ƙasa-ƙasa daga ɗakin hatsi, kamar mace tana rarrashin jinjiri.

Atika ta san mafarin abin, tambayarta ce ba a yi ba. Mijinta Attahiru ɗan kwangila ne na zamanin soja, irin waɗanda kuɗin fetur ya ɗauko daga tallan goro ya ɗora a Marsandi, hankali kuwa aka baro shi a tasha. Da ya ji likitocin dabbobi suna bin gidaje suna binciken lafiyar ɗiyan mussa, wato kyanwa, sai ya ɗauko su da motarsa don unguwa ta ga masu fararen riguna a ƙofarsa. Mutumin da bai taɓa zuba wa mussa ruwa ba.

Babbar likitar, mace mai natsuwa, ta auna ɗiyan mussar gidan, ta ba su maganin tsutsa, ta tambaya ko uwa ɗaya ta haife su duka. Kafin Atika ta buɗe baki daga bayan labule, ya amsa da guntun Turancinsa cewa haka ne. Alhali a gaban Atika aka yi haihuwar, kuma wata baƙa da ke tare da su ba ta ciki. Wayar gari aka yi aka tarar da ita tana shan nono. Irin wannan baƙuwa, kowace mace ta san kau da ido ake yi. Aka ɗaura wa kowacce lambar ƙarfe a wuya. Likita ta ce a riƙa sassauta igiyar in sun girma. Atika ta sassauta wa sauran, baƙar kuwa ba ta yarda ta taɓa ta ba.

Bayan jifan, ɗiyarsu Rahmatu ta bar cin abinci. Kullum hannunta a maƙogwaro, numfashi na fita da ƙyar. Asibiti ba su ga komai ba. Attahiru ya ce hassadar maƙwabta ce, ya ɗauko mai gadi da gora. Kafin isha mai gadin ya gudu ya bar gorar. Ran da ruwa ma ya ƙi wucewa, Atika ta aika wa Malam Junaidu na Mabera, ba ta nemi izinin kowa ba.

Bayan magariba Malam ya zauna kusa da yarinyar yana karatu a hankali. Can ta tashi zaune, ta buɗe baki da muryar tsohuwa.

“Mi kika nema ga ɗiyar mutane?” in ji Malam.

“Ɗiyata nika nema. Nonona ya ƙahe, na kai ta reno ga mussarku. Kun ɗaure ta da ƙarhe, ba ni iya taɓa ta. Yadda wuyanta ya matse, haka na taku.”

Ta ce sai dai a bar mata Rahmatu fansa. Malam ya ci gaba da karatu har ta yi ƙara ta sauko. Aka tsaya a kan cewa wanda ya yi ƙaryar shi zai yanke igiyar da hannunsa, ya kai baƙar mussar gindin tsamiyar bayan unguwa, a ƙasa, ba takalmi.

Attahiru ya tambaya ko direbansa zai iya.

“Alhaji,” in ji Atika, “direba ya haihi Rahmatu?”

Attahiru ya yanke igiyar. Ya fita da mussa cikin babbar riga, daidai lokacin da maza ke zaune ƙofar masallaci. Kallon da ya daɗe yana nema wurin unguwa, ranar ya same shi. Bai dawo ba Rahmatu ta yi atishawa, ta ce a dama mata fura.

Da likitar ta komo, sauran sun yi ɓulɓul. Ta nemi baƙar, amma wannan karon matar gida ta tambaya.

“Uwarta ta ɗauke ta,” in ji Atika.

Likita ta dubi uwar mussa kwance a inuwa tana lasar ƙafa, ta dubi Attahiru da ya duƙar da kai. Ta tattara kayanta.