Awa Biyu Da Minti Goma

"Awa biyu da minti goma ne fa, Doniyor-aka! Kafin a gama dafa shinkafar rana mun isa Samarkand!"

"Rage murya, Muhayyo, za ki tashi yaron..."

"Ya tashi mana! Ya ji ubansa yana cewa kakansa ya jira!"

Doniyor ya zauna a bakin gado yana murza wayarsa. "Aka" take kiransa, wato yaya, don girmamawa. Kwana goma sha uku ke nan da matarsa ta haifi Mustafo. Jiya ne yayarta Zebo ta kira daga Samarkand, ta ce an sallamo mahaifinsu daga asibiti, ba don ya warke ba. Hayaƙin tanderu na shekara talatin da ɗoriya ya gama da huhunsa.

"Kalli nan, zuciyata," ya ce, yana miƙa mata wayar. "Na samo mana tikiti. Tarago na uku, ke ce a jikin taga. Mu tafi da na safe, mu dawo da na yamma. Kin san yadda ake wawason jirgin nan, da ƙyar na same su."

Ta duba ranar da aka rubuta. Ta ƙirga da yatsu.

"Kwana arba'in da ɗaya..."

"Washegarin fitarku daga arba'in. Ko kwana ɗaya ban ƙara ba."

"Ka tambayi Dada, mahaifina, ko yana da kwana ashirin da takwas ɗin da zai ba ka?"

Daga tsakar gida suka ji muryar mahaifiyarsa tana kira.

"Kelin! Shayin nan ya huce!"

Haka take kiran Muhayyo, matar ɗa, tun ranar da aka kawo ta Tashkent. Ba ta cika kiran sunanta ba.

Da ma wannan jirgin ne ya haɗa su. Aiki ya kai Doniyor Samarkand, mahaifiyarsa ta ce kar ya dawo ba tare da gurasar garin ba. Ya tsaya a gidan Usta Ne'mat mai gurasa, bayan kasuwa, 'yarsa Muhayyo ce ta naɗe masa guda huɗu a ƙyalle. Sati ya zagayo, ya sake dawowa. Ya kuma dawowa. A karo na huɗu Usta ya zaro kansa daga tanderu ya ce, "Ɗana, ko gidan marayu kake ciyarwa a Tashkent? Gurasata wata guda take yi ba ta lalace ba!"

Da aka zo maganar aure, tsohon ya yi jim. Matarsa ta daɗe da rasuwa, Muhayyo ce auta.

"Tashkent da nisa," ya ce.

"Ina nisan, Usta? Awa biyu da minti goma! Duk wata zan kawo miki ita... zan kawo maka ita, wallahi." Doniyor har harshensa na sarƙewa don ɗoki.

Ranar da za a tafi da ita, Usta ya ciro gurasa mai zafi ya ce ta gutsura. Ta gutsura, ya rataye sauran a ƙusa a bangon ɗakinsa, yadda ake yi wa mai tafiya soja ko mai ƙetare ƙasa, don abincin da ya bari ya jawo shi gida. Mata suka yi ta dariya, wai amarya ce ba soja ba. Shi ko a jikinsa.

Shekara ɗaya da rabi, ba ta je ba ko sau ɗaya. Da farko an ce amarya ba ta yawo. Sai baƙi, sai bikin ƙanwar miji, sai laulayi, sai ciki ya tsufa. Kullum akwai dalili, kuma kullum Doniyor na cewa wata mai zuwa.

Da yammacin ranar ta durƙusa gaban surukarta, ta zuba mata shayi.

"Oyijon, ki yi mini alfarma. Zan rufe shi ruf, ko iska ba za ta taɓa shi ba. Jirgin a rufe yake, babu ƙura..."

"Jaririn da bai yi arba'in ba ba ya tsallake ƙofar gida."

"To in bar miki shi, in je ni kaɗai in dawo kafin magariba."

"Ke ma a cikin arba'in ɗin kike. Ki je ki kwaso iskar hanya ki zo ki shayar da shi? Allah Ya ba mahaifinki lafiya, kelin. Ki kira shi a waya, ai ana ganin juna."

Ta kira. Zebo ta riƙe wa tsohon wayar. Ya rame har Muhayyo ta so ta kau da kai. Ta ɗago Mustafo kusa da gilashin.

"Kai, kai! Kunnuwana ya ɗauko, bawan Allah!" Usta ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa ya ce, "Wannan abin ba ya kawo ƙamshi, 'yata. Ni kan yaron nake so in shinshina. Ko gurasa sai na shinshina nake sanin ta yi."

"Muna tafe, Dadajon. An ma sayi tikiti."

"Gurasarki tana nan a ƙusa."

Tun daga ranar ta daina yi wa Doniyor magana sai abin da ya zama dole. Shi kuma ya shiga duba waya. A motar haya, a wurin aiki, a kan tabarmar cin abinci, yana neman ko wani ya fasa tafiya ya mayar da tikitinsa. Bai gaya mata abin da zai yi in ya samu ba. Wataƙila shi ma bai sani ba.

Ranar kwana talatin da uku, suna karin kumallo, sai ya zabura har ya kusa kifar da butar shayi.

"Muhayyo! Kujera biyu! Gobe da safe!"

Ta rarrafo ta leƙa. Gaskiya ne. Kujera biyu a jere, an riƙe masa su na minti goma kafin ya biya. Ga agogo a saman wayar yana raguwa.

"Danna, aka! Danna!"

Oyijon ta ajiye kofinta. Ta tashi ta shiga ɗaki, suka ji ƙarar murfin akwati. Ta dawo da wata 'yar hula fara, ƙarama kamar tafin hannu, ta ajiye ta a kan tabarma tsakanin gurasa da sukari.

"Ta yayanka Bahrom ce," ta ce. "Kwanansa ashirin da shida na ɗauke shi zuwa wajen uwata, don ita ma ba ta da lafiya. Surukata ta hana ni, na ƙi ji. Mun dawo da zazzaɓi. Kwana uku ya ƙara."

"Oyijon, wancan zamanin motar ƙauye ce, cikin sanyi..."

"Ban hana shi ba, kelin. Ɗansa ne. Danna mana, Doniyor."

Saura minti shida.

"Aka, ka dube ni. Kai ka yi wa Dada alkawari da bakinka!"

"Na sani..."

"To danna!"

Ya dubi hular. Ya dubi Mustafo da ke barci a gefe, baki buɗe. Yatsansa yana saman gilashin.

"Saura kwana takwas kacal, raina. Zebo ta ce jiya ya sha romo..."

"Doniyor-aka, don girman Allah!"

Saura minti biyu. Oyijon tana share ido da gefen ɗankwali. Muhayyo ta kai hannu za ta fizge wayar, ya riƙe mata wuyan hannu. Ba da ƙarfi ba. Da ƙarfi ne ma da ya fi mata sauƙi.

Haka suka zauna su uku suna kallon agogon har ya ƙare. Kujerun suka ɓace.

Ta zare hannunta, ta tattara kofuna, ta kai wurin wanki.

Bayan kwana uku, da sassafe tana sharar ƙofar ɗaki, Zebo ta kira. Muhayyo ba ta ma ɗauka ba, ta zauna a ƙasa da tsintsiya a hannu. Ta riga ta sani.

Ranar babu kujera ko ɗaya a jirgin. Doniyor ya shiga motar haya, awa huɗu da rabi, ya isa mutane suna dawowa daga maƙabarta. Ita kuwa tana Tashkent, Oyijon na shafa mata baya tana cewa, "Ki sassauta kukan, 'yata, kar nonon ya ɓaci." Ranar ce ta fara ce mata 'yata.

Tikitin farko yana nan, ba wanda ya tuna ya mayar. Ranar arba'in da ɗaya suka shiga tarago na uku. Doniyor ya gyara mata kujerar taga, ya ɗora jaka a sama, ya karɓo mata shayi. Jirgin ya tashi a hankali, ko girgiza babu. Gonakin auduga suka yi ta wucewa, da tsaunuka, da garuruwan da ba ta samu damar karanta sunayensu ba.

"Ki sha shayinki, zuciyata."

Ba ta sha ba. Ta zuba wa taga ido, Mustafo na barci a ƙirjinta. Tana jira tafiyar ta yi tsawo, bayanta ya yi ciwo, yaron ya tashi ya yi rigima, wani abu dai da zai nuna cewa wurin da nisa. Sai kawai ta ji ana sanarwar Samarkand.

"Har mun iso?"

"Mun iso."

"Ko farkawa bai yi ba..." Ta yi wata dariya marar daɗi. "Ashe nan da nan ne, aka. Shekara ɗaya da rabi. Ashe nan da nan ne!"

Mutanen da ke sauke kaya suka juyo. Doniyor ya sunkuyar da kai.

A gida tanderu na ci, mijin Zebo ya karɓi sana'ar. Ƙamshin nan dai shi ne, sai dai ba mai leƙo kai ya yi mata tsiya. 'Yan'uwan biyu suka rungume juna suka yi kuka a zaure har muryarsu ta dishe. Sannan Zebo ta ja ta zuwa ɗakin tsohon.

An naɗe katifa, an kwashe magunguna. Gurasar tana nan a ƙusa, ta bushe kamar katako, ga shatin haƙoran Muhayyo a gefe.

"Duk Juma'a sai ya sa an sauko masa da ita ya goge ƙura," in ji Zebo. "Ranar da kika ce an sayi tikiti, ya sa na rubuta masa kwanan watan a bango. Kullum sai ya tambaye ni saura nawa. A daren ƙarshe cewa ya yi, biyar ai ba yawa."

Muhayyo ta sauko da ita. Ta ɓantara da ƙyar, ta jiƙa a shayi, ta ci, hawaye na zuba a kofin. Ta ɗauki wani ɓari ta ɗora a kan Mustafo, daidai inda gashi ya yi laushi, ta daɗe a haka.

Doniyor yana tsaye a bakin ƙofa. Bai shigo ba.

Da la'asar ta yi ya yi gyaran murya.

"Muhayyo... jirginmu biyar da rabi ne. Oyijon ta ce za ta dafa miki shinkafa da naman rago, ta gayyaci maƙwabta su ga yaro."

Ta miƙa wa Zebo jaririn, ta fita wajen tanderu. Ta dawo da gurasa guda mai zafi, tana juya ta daga wannan hannu zuwa wancan. Ta tsaya gabansa.

"Gutsura."

Ya dubi gurasar, ya dubi ƙusar da ba komai a kanta. Fuskarsa ta canza.

"A'a, raina. Kar ki yi mini haka..."

"Gutsura, Doniyor-aka."

"Tsoro na ji! Wallahi tsoro na ji. Na ga hular nan, na ga ɗana... Ke da kin zauna a wurina me za ki yi?"

"Ban sani ba. Na dai san kai ka riƙe hannuna."

"Ina son ki, Muhayyo!"

"Na sani. Da ba na son ka, da ba gurasa zan ba ka ba."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya gutsura, hawaye na bin gemunsa. Ta karɓi sauran, ta zura mata zare, ta rataye a ƙusar mahaifinta.

"Yaushe zan zo in cinye?"

"Ban sani ba. Ba yau ba, ba gobe ba. Ka gaida Oyijon, ka ce ɗan jikanta ya tsallake ƙofa bai yi ko atishawa ba."

"In na zo za ki buɗe mini?"

"Ai ba nisa. Kai ka faɗa wa Dada."

Ya sumbaci goshin Mustafo, ya shinshina kansa, ya ɗauki jakarsa shi kaɗai. Ba ta raka shi ko zaure ba.

Ta zauna a kan naɗaɗɗiyar katifar tana shayar da yaron, tana kallon agogon bango. Biyar da rabi ta wuce. Aka kira magariba. Zebo ta kawo abinci, ta mayar. Ƙarfe takwas saura minti ashirin daidai wayarta ta yi ƙara. Kalma biyu ya rubuto: "Na iso."

Ta kife wayar a kan tabarma ba ta amsa ba.

Can ta miƙe da yaron a kafaɗa, ta je jikin bango. Gurasar ta huce, ta ɗan rinjayi ƙusar da nauyinta. Muhayyo ta cire takalminta, ta bubbuga kan ƙusar da diddigensa har ta shige sosai. Ta ja zaren ta ji ba zai faɗo ba, sannan ta koma ta zauna.