Sunan da Kubura Ta Faɗa a Kotu

"Baba, zuwan dattawa ba zai tsayar da wa'adin kotu ba."

Malam Iliyasu bai ɗago kai daga igiyar da yake tufkawa ba.

"Ke dai kin yi boko, shi ya sa komai sai ki ce wa'adi. Magana tana hannun manya. Liman ya je, Sarkin Noma ya je. Ana cikin sulhu kuma in tsallake su in ɗaukaka ƙara? Da wane ido zan dubi mutanen Gwaram?"

"Kwana talatin alƙali ya bayar, Baba. Gobe Juma'a suke cika..."

"Su cika mana. Ai kotu ma ta san da dattawa."

Kubura ta zuba wa mahaifinta ido. Malamar makaranta ce, wadda ko sufeto ya zo duba aji ba ta sunkuyar da kai. Amma yau tsoro ya kama ta.

Fadamar bakin kogi ita ce cin gidansu. Shinkafa da damina, albasa da rani. Sai ga Alhaji Dogara ya kai ƙara, wai ta mahaifin marigayiyar matarsa ce, aro aka bayar. Tsohon da ya san asalin maganar, Ɗanbala, yana can Kurmi wajen ɗansa, bai iso ba har aka yanke hukunci. Fadama ta koma hannun Alhaji.

Shi kuwa Alhaji Dogara ba kowa ba ne, mahaifin Mika'ilu ne. Mika'ilun da aka karɓi kayan sa ranarsa da ita tun kafin rigimar nan ta taso.

Duk zuwan da dattawa suka yi, da fara'a Alhaji yake tarbarsu, ya kawo goro, ya ce su dawo jibi. Ita kaɗai ta lura cewa shi ma lissafin kwanakin yake yi.

Da gari ya waye Malam Iliyasu ya leƙa fadama kamar yadda ya saba. Ya dawo gida da sauri.

"Mutanen Alhaji sun kafa turaku, Uwata... Har kan irin shinkafar da na yafa." Ya ɗauko takardar hukuncin. "Ɗauko mayafinki."

An kwana ana ruwa, tasha duk ta caɓe. Mota ɗaya ce tak za ta Birnin Kudu, inda babbar kotun yanki take. Kubura tana hango koren bodin katakon nan ta gane motar da Mika'ilu yake tuƙawa ce.

Mika'ilu ya diro daga gaban mota, ya durƙusa ya gaishe da Malam Iliyasu, sannan ya dube ta da murmushin nan nasa.

"Malama, yau babu aji ne?"

"Akwai uzuri, Direba."

Haka suke kiran juna. Tun da aka sa musu rana ba ta ƙara kama sunansa ba, balle na mahaifinsa. Ko a aji, yaro mai suna Mika'ilu "mai sunan manya" take ce masa.

"Ina zuwa haka da Baba?"

Ta so ta ce asibiti. Girman kanta ya hana ta ƙarya.

"Kotu. Za mu ɗaukaka ƙara."

Murmushin ya ɓace. Ya dubi tsohon, ya dube ta, ya buɗe ƙofar gaba.

"Ku shiga. Yau Juma'a, da wuri suke tashi."

Tafiyar nan Kubura ba za ta manta da ita ba. Shekarar ce aka koma tuƙi ta hannun dama, kowace kwana sai fasinjojin baya sun yi salati. Ita ba wannan ne tsoronta ba. Shirunsa ne. Mutumin da yake cika mota da barkwanci, yau ko tari bai yi ba.

Sau biyu taya tana nutsewa a laka, maza suna sauka su tura. Tana kallon inuwar itatuwa tana gajarta, hantsi yana gudu kamar ana korarsa.

"Za mu kai kuwa?" ta tambaya a hankali.

"Za mu kai."

"Kana fushi da ni..."

"Ina tuƙi ne, Malama."

Ta kau da kai don kada ya ga hawayenta.

Sun isa masinja yana rufe tagogi. Rajistara, wani dattijo mai suna Malam Hambali, har ya sa hula zai tafi masallaci. Ya karɓi takardar hukuncin, ya duba kwanan wata, ya girgiza kai.

"Kun yi wasa da wuta, Malam. Da kun kai gobe, sai dai ku roƙi kotu ƙarin lokaci, kuma sai da dalili mai ƙarfi. Ana iya ba ku, ana iya hana ku."

"Sulhu muke yi, ranka ya daɗe," in ji Malam Iliyasu.

"Sulhu alheri ne. Amma ana shigar da ƙara tukuna, a ci gaba da sulhun." Ya zauna ya ɗauki alƙalami. "Wa kuke ƙara?"

Tsohon ya buɗe baki, kunyar suruki ta rufe masa shi. Ya dubi 'yarsa.

Kubura ta runtse ido. "Alhaji... Dogara."

"Sai wa?"

"Shi kaɗai ne."

"A'a, 'yata. Hukuncin nan mutum biyu ya ba wa fadama, miji da ɗan marigayiya, domin su ne magada. Uban ne ya tsaya wa ɗan a kotun farko, amma rabonsa yana nan. Kotu ba ta ƙwace abu a hannun wanda ba a kira ba. In kuka bar ɗaya, ranar zama za a ce ƙararku gurguwa ce, lokacin kuma wa'adi ya daɗe da wucewa."

Kubura ta gane wanda yake nufi.

"Ba shi da laifi, Malam... Ko kotun bai je ba. Yana kan hanyar Kano."

"Ban ce yana da laifi ba. Na ce yana da rabo."

Malam Iliyasu ya miƙe da ƙyar. "Tashi mu tafi, Uwata. Ba zan sa ki kai mijinki ƙara da bakinki ba. Ƙasa dai ce, a cikinta za a binne mu duka."

Ta dubi hannuwansa da fartanya ta cinye. Ta tuna turakun da ba ta gani ba amma suke cake a ƙirjinta. Idan ta faɗi sunan, Alhaji zai aiko a karɓi kayansa kafin la'asar ɗin gobe, ta sani. Idan ta yi shiru, da me gidansu zai ci tuwo baɗi?

Daga nesa aka fara kiran salla.

"Ina jira," in ji Malam Hambali.

Sai ta ji motsi a bakin ƙofa. Mika'ilu ne tsaye, laka har gwiwa, hula a hannu. Ba ta san tun yaushe yake nan ba. Bai ce mata ta faɗa ba, bai ce ta bari ba. Kallonta kawai yake yi.

Kubura ta gyara mayafinta, ta ɗaga kai kamar tana gaban aji.

"Rubuta... Mika'ilu. Mika'ilu Dogara, Gwaram."

Alƙalami ya yi ƙara a kan takarda. Malam Iliyasu ya dangwala yatsa, aka buga hatimi.

"A ina za a same shi a ba shi sammaci?"

"Ga ni nan, Malam," in ji Mika'ilu. "A hutar da masinja hawan keke."

Rajistara ya dube su ɗaya bayan ɗaya ta saman tabarau, sannan ya miƙa wa Mika'ilu sammacin.

A waje, gindin darbejiya, kukan da ta danne tun asuba ya ƙwace mata.

"Na san ka tsane ni yanzu..."

"Da na tsane ki, ai da na bar motar a laka." Ya ninke sammacin ya sa a aljihun ƙirji. "Alhaji zai yi fushi, hasken idona. Zai karɓi kayan, kada in yi miki ƙarya. Ni kuma ba zan ɗaga masa murya ba, ubana ne. Amma duk abin da alƙali ya tambaye ni, gaskiya zan faɗa. Za ki iya jira?"

"Ni da na iya jiran dattawan Gwaram?"

Ya yi dariya, idanunsa jawur.

Alhaji kuwa ya karɓi kayansa. Kubura ta sha habaici a bakin rijiya da gidan biki, wai boko ya kai ta ga maka miji a kotu tun kafin ta shiga ɗakinsa. Ba ta taɓa sunkuyar da kai ba, sai dai ta rame. Aka dawo da shari'a sabuwa, Ɗanbala ya zo ya ba da shaida, aka tuge turaku. Sai da aka sake wata kaka kafin Liman ya shawo kan Alhaji ya mayar da kayan da hannunsa.

Ranar da aka kai ta, bayan 'yan rakiya sun watse, Mika'ilu ya zauna gefenta.

"Malama, ina da roƙo. Sunan nan nawa, sau ɗaya na taɓa jinsa a bakinki, shi ma a gaban rajistara. A maimaita mini mana."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, tana murmushi.

"Wa'adi ya wuce, Direba. Sai ka roƙi ƙarin lokaci."