Mijin Zakiyya Ya Koma Lakwal

"Lakwal? Makarantar boko? Kai, Suma'ila? Da wannan furfurar da ta fara leƙo maka a gemu?"

Muryar Alhaji Mahamud ce ta cika tsakar gidansu na gado da ke unguwar Birni a Zinder. Zakiyya na bakin murhu tana tuƙa tuwo, sai muciyar ta tsaya cak a hannunta. Ta san da maganar, don ita da mijinta suka ƙulla ta. Abin da ba ta zata ba shi ne wan nasa zai fasa ta a gaban mata da yara.

Suma'ila na tsugune gefen tabarma, kai a ƙasa.

"Yaya Alhaji, na riga na ci konkur, jarrabawar shiga. Birebena, takardar gama ƙaramar sakandare, yana nan tun lokacin da Baba ya cire ni daga karatu ya sa ni a rumfa. Shekara uku ce, in fito ma'aikacin jinya."

"Mai kwashe kashi da fitsarin mutane dai! Kuma a lakwal ɗin da na sa Zahra'u? Ka zauna benci ɗaya da 'yar cikina, yarinyar da kai ka riƙe ragon sunanta? Da wane ido zan shiga kasuwar Dole?"

Matan gidan suka ƙunshe dariya cikin mayafi. Zakiyya ta ja 'yarta Husaina jikinta, hawaye na kawo mata. Duk waɗanda ke dariyar nan sun san dalili, sun dai ga dama ne su manta. Husaina 'yar biyu ce. Daminar bara waccan suka kai tagwayen gaida Inna Delu, mahaifiyar Zakiyya, a wani ƙauye bayan Droum. Can masassara ta kama Hassana, kafin azahar ta fara shure-shure. Suka ruga ɗakin shan magani suka tarar da kwaɗo a ƙofa, ma'aikacin ɗaya ne tak, shi ma ya tafi jinyar tasa uwar. A kan amalanken shanu, a hanyar kai ta asibitin gari, bisa cinyar ubanta, yarinyar ta cika. Daga baya wani likita ya ce da an samu mai yi mata allura da wuri, da wataƙila ta kai gari da rai. Tun ranar Suma'ila bai ƙara auna gero da zuciya ɗaya ba.

"Zaɓi ɗaya," in ji Alhaji. "Ko makullin rumfa, ko jakar lakwal."

Suma'ila ya sa hannu aljihu, ya fiddo makullin ya ajiye bisa tabarma da hannu biyu.

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "To madalla. Ɗakin da kuke ciki ma ina so, zan yi wa ɗana Mustafa aure."

Haka suka kwashe komatsansu suka koma ɗaki ɗaya na haya a unguwar Garin Malam. Zakiyya, wadda a da ko cefane sai an kawo mata, ta kafa kasko a ƙofar gida tana suyar ƙosai da safe, awara da yamma. Suma'ila kuwa in ya taso daga aji sai ya karɓi babur ɗin wani maƙwabci ya yi kabu-kabu har magariba.

Wahalar ba ta ci mata rai kamar bakin dangi ba. In ta je suna ko biki, ba ta gama gaisuwa sai wata ta ɗaga murya:

"Ga uwar ɗan lakwal nan! Zakiyya, kin ƙulla masa ƙosan da zai ci in an fito rekire shan iska? Kada yara su ƙwace masa fa!"

Sai a kwashe da shewa. Ita kuwa ta yi murmushi, ta haɗiye, in ta dawo gida ta shiga banɗaki ta yi kukanta ta wanke fuska.

Wata rana Suma'ila ya dawo yana dariya, amma idanunsa sun kaɗa jawur.

"Maman biyu, kin san abin da Zahra'u ta ce mini yau? Na gaishe ta a bakin aji, sai ta ja ni gefe ta ce, 'Pardo, Tonto, yi haƙuri Baffa, a nan ban san ka ba. Kada ka sa kamarad ɗina 'yan ajinmu su mai da ni abin dariya.'"

"Yarinyar da ka goya a kafaɗa?"

"Ita fa. Ƙuruciya ce."

"Ba ƙuruciya ba ce, abin da ta ji a gida ne," in ji Zakiyya. Ta tura masa kwanon abinci. "Ci, Malam. Ka ci ka buɗe kayenka ka yi bitar darasi, ba don su muka fara ba."

A shekara ta biyu, lokacin da aka tura shi koyon aiki asibiti, sai ga Inna Delu ta sauka ba sanarwa. Alhaji Mahamud ne ya aika mata cewa 'yarta na can tana ciyar da ƙato. Tsohuwar ta tarar da Zakiyya cikin hayaƙi, ta rame, mai ya yi mata tabo a hannuwa har gwiwa. Ta kama hannun ta jujjuya.

"Ɗauko mayafinki."

"Inna, don Allah ki saurare ni..."

"Na ce ɗauko mayafinki! Ɗan kasuwa na ba wa ke, ban ba wa yaron lakwal ba. In kin ƙi bi na, ban yafe nonon da kika sha ba!"

Ina Zakiyya za ta sa kanta? Ta bar kaskon bisa wuta, ta kama hannun Husaina ta bi uwarta tasha tana waiwaye.

Ta yi makonni a ƙauye, ba ta ci sai don dole. Wata ran kasuwa da hantsi, tana cikin ɗaki tana tsince wake, ta ji sallamar mijinta. Ta leƙa ta gan shi durƙushe gaban Inna, ya yi baƙi, rigarsa ta yi masa yawa.

"Inna, na zo biko. Na bar lakwal ɗin. Yaya Alhaji ya ce in na je na ba shi haƙuri a gaban mutane zai mayar mini da makulli. Ki ba ni iyalina."

Fuskar Inna Delu ta saki. "To, yanzu ka yi magana irin ta manya."

Zakiyya ba ta san lokacin da ta watsar da waken ta fito ba.

"Ka bar me?"

"Maman biyu, ba zan iya rasa ki ba..."

"To wallahi ka rasa ni! In ka bar karatun nan, ka bar ni a nan tare da shi. Ƙunar hannuna ta tashi a banza ke nan? Dariyar da aka yi mini ta tabbata?" Ta juya ga uwarta ta zube ƙasa. "Inna, ki gafarce ni. A ƙofar gidan nan aka ɗora Hassana bisa amalanke. Ke kika kwance zanenki kika lulluɓe ta. Kina bin mu a guje kina cewa, 'Ba wani mai taimako?' Ga mai taimakon nan Allah zai ba wa 'ya'yan wasu, shi ne za ku taru ku karya shi?"

Inna Delu ta ja gefen ɗankwali ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza. Sannan ta ce:

"Tashi ki bi mijinki. Na janye abin da na ce. Amma kada ki kawo mini kuka, don ba ni da inda zan sa shi."

Suka dawo, Suma'ila ya koma karatunsa. Zakiyya ba ta kai mata kuka ba, ita ma Inna ba ta ƙara taka Zinder ba. Da kaka dai sai a ga buhun gero ya iso a motar kasuwa, ba saƙo, ba gaisuwa. Ana saura 'yan watanni Suma'ila ya gama, Allah ya yi wa tsohuwar rasuwa. Wannan shi ne abin da Zakiyya ba ta taɓa hucewa a kai ba: an shiga tsakaninta da uwarta, kuma ƙasa ta rufe kafin su zauna su yi hira irin ta da.

Ranar ba da diplom, filin lakwal ya cika maƙil. Alhaji Mahamud ya zo da mota da maroƙa saboda Zahra'u. Da aka kira sunan Suma'ila cikin na gaba-gaba, malamai suka miƙe suna tafa wa dattijon ajin. Alhaji ya ga inda idon jama'a ya karkata, sai ya tattara babbar riga ya kutsa ya rungume shi.

"Ƙanena ne! Uwa ɗaya uba ɗaya! Biyu na fitar rana ɗaya, 'yata da ƙanena. Mu gidanmu ba ma wasa da ilimi!"

Maroƙa suka ɗauka. Matan da ke kiranta uwar ɗan lakwal suka yo kanta da guɗa, wata har tana faɗa mata ciwon ƙafarta don Malam ya duba. Suma'ila ya dubi Zakiyya, idonsa na roƙonta. Sai ta matsa, ta durƙusa gaban wan mijinta kamar yadda aka saba.

"Yaya Alhaji, an gode. Allah ya saka wa kowa da daidai abin da ya yi mana."

Jama'a suka amsa da amin. Alhaji ya hau gyara hula. Shi kaɗai ne a wurin bai amsa ba.

Aka tura Suma'ila aiki garin Gidimuni. Can suka tare, a wani gida mai dabino kusa da tafki, inda mata ke sallama da sanyin safiya suna tambayar ko likita ya tashi. Zakiyya ta yi ƙiba, Husaina ta shiga lakwal, Allah kuma ya ƙara musu ɗa namiji. Duk sallah suna zuwa Birni gaisuwa, ba su yanke zumunci ba, amma Zakiyya ba ta ƙara kwana a gidan gadon ba.

Haƙuri ya biya su, babu shakka, sai dai bai mayar musu da duk abin da aka ƙwace ba. Don haka ku masu dangi, in naku ya tashi neman abin alheri, ko da furfura a kansa, in ba za ku tallafa masa ba to ku kama bakinku. Ke kuma mai miji, kai mai mata, ranar da kowa ya juya wa naka baya ita ce ranar da aka aure ku dominta. Wanda ya tsaya a ranar, shi ne ke da iko da farin cikin da ya biyo baya, ko da wani ne maroƙa suka yi wa kirari.