Taraktar da Aka Raba Biyu

Da sunan Allah nake farawa. Mutanen da wannan labari ya shafa su ne Sufeto Jibril na ofishin 'yan sanda na Wad Haddad, da Gado makaniki da matarsa Asma'u, da Alhaji Attahiru mai tarakta, da direbansa Mahadi da matarsa Raliya, sai Audi wanda gonarsa ke maƙwabtaka da ta Gado. Abin ya faru a Hillar Yalwa ta ƙasar Sudan cikin kakar 1968, lokacin da ake gyaran ƙasa domin alkama.

Da hantsi aka kai wa Sufeto Jibril rahoto cewa inji ya danne mutum har lahira. Ko da ya isa ƙofar gidan Alhaji Attahiru, an riga an janye gawar Gado an lulluɓe.

Taraktar tana nan a rabe. Ba a isa ga kuloci sai an kwance ta gida biyu, an tokare kowane rabi, an tura na baya gefe. Rabin bayan yana tsaye a kan kututture. Rabin gaba, mai ɗauke da inji, ya kife ta hagu, a daidai inda Gado ya durƙusa zai ɗaura sabon farantin kuloci bayan ya dawo daga karin kumallo.

"Jak ɗin Audi ne, janabu," in ji Mahadi direba, tun ba a tambaye shi ba. "Shi ya ba da aronsa, kuma kowa ya san sun yi faɗa da marigayi kan ruwa."

Jama'a suka amsa baki ɗaya. An riga an kulle Audi a zauren mai gari, samari na zaune a ƙofa da sanduna.

Sufeto ya nufi taraktar. Ya taɓa yin aikin gareji a Madani kafin ya sa kaki. Ya ɗauki jak ɗin, ya ɗaga ya sauke, bai ga aibi ba. Sannan ya tsuguna a gaban injin. Ƙarfen da ke riƙe da tayoyin gaba yana lilo ne a kan ƙusa ɗaya, saboda haka duk mai raba tarakta sai ya buga weji, wato guntun itacen tokari, dama da hagu, in ba haka ba inji ya karkace. A ɓangarorin biyu Sufeto ya ga sabon gurbi da ɓarɓashin itace a manne. An buga weji ke nan. Amma ya duba filin kaf, babu ko ɗaya.

Ya je gidan marigayi, ya tsaya a bayan katanga ya yi ta'aziyya.

"Baiwar Allah, maigidanki yana da weji?"

"Biyu, na bagaruwa," in ji Asma'u. "Shi ya sassaƙa su, ya jiƙa su cikin baƙin mai don gara. Da idona na ga ya hita da su. Gado ba shi shiga ƙarƙashin ƙarhe da ganganci, janabu. Ka tambayi Audi."

A zauren mai gari, Audi ya rantse cewa yana gida kwance lokacin karin kumallo.

"A gida ka samo taɓon da ke wandonka har gwiwa?"

Audi ya sunkuya. Can ya ce, "Ruwa na buɗe wa gonata, alhali ba ranata ba ce. In mai gadin tur'ar ban ruwa ya ji, an karɓe gonar. Amma wallahi ban taɓa tarakta ba."

"Wa ya gan ka?"

"Ai don kada a gan ni na tahi."

Sufeto bai gaskata shi ba, bai kuma ƙaryata shi ba. Ya ajiye kurtu a ƙofar, domin ya lura in aka sake shi a ranar, ba zai kwana da rai ba.

Bayan jana'iza ya nemi tsohon farantin da Gado ya cire. Aka yi ta nema, sai daga baya aka same shi a ƙarƙashin tulin ƙaiƙayi. Fuskarsa ta ƙone ta yi shuɗi, amma gefensa yana da kauri.

"Alhaji, yaushe aka sa wannan?"

"Farkon damina. Gado ne ya sa shi sabo."

"Tsufa ne, janabu," in ji Mahadi. "Ƙasar nan ta Jazira tana cin ƙarhe."

"Faranti ya tsufa a damina ɗaya?"

"To, ko dai marigayi ya sa mara kyau. Allah ya gafarta mai."

"Kai ina kake da aka tafi karin kumallo?"

"Gida na ci, na dawo na iske ana ihu."

Sufeto ya dube shi ya kau da kai. Mutumin ya cika saurin amsa, amma saurin amsa ba shaida ba ne a gaban alƙali. Ya sa aka bincika tur'a da bakin gonaki, ba a ga weji ba.

Washegari da rana ya zauna a rumfar makoki. Al'adar garin ita ce gidan mamaci ba a hura wuta, kowane maƙwabci sai ya aiko da tire, an rufe da faifan gidansa. Aka ajiye wani a gaban Sufeto da dattawa, kisira, wato gurasar dawa, da miyar kuɓewa. Ya yanki kisira ya kai baki, sai ya tsaya.

"Kai!" in ji wani tsoho na kusa da shi. "Wannan a gareji aka gasa ta?"

Dattawa suka yi dariya ƙasa-ƙasa, suka jawo wani tire. Sufeto ya sake shinshina lomar. Warin baƙin mai ne. Ya ɗauki faifan ya juya shi.

"Baba, na wane gida ne wannan?"

"Saƙar Raliya ce, ta gidan Mahadi. Ita kaɗai ke sa jan zare a baki."

Sufeto ya wanke hannu, ya kira kofur, ya ce wa Mahadi ya raka su gidansa. Mahadi ya tashi yana murmushi, amma sai da ya laluba sau biyu kafin ƙafarsa ta shiga takalmi.

Raliya ta ja mayafi ta gaishe su daga bakin madafa.

"Da wane itace kika gasa kisirar makoki?"

"Kash, an ji ko? Na ce wa maigida wannan itace hayaƙinsa baƙi ne, duk idanuna sun yi ja. Na ga bagaruwa ce busasshiya, na ce abincin sadaka ya fi cancanta da ita a kan kara."

"A ina kika samu?"

"Shi ya shigo da ita jiya da hantsi cikin riga, ya tura bayan randa."

Kofur ya tona tokar murhu. Weji ɗaya ya cinye. Ɗayan ya ƙone rabi, kansa a daddage da bugun guduma, gefensa da shatar ƙarfe.

Mahadi ya zauna a ƙasa.

"Faɗi," in ji Sufeto.

"Da damina Alhaji yana Rusairis. Na riƙa jan motocin 'yan kasuwa daga taɓo a hanyar Suki, ba da saninsa ba. A nan kuloci ya ƙone. Gado na buɗewa ya gane. Ya ce shi ba za a ɓata mai suna ba, in ya gama sai ya nuna wa Alhaji. Na roƙe shi, ya ƙiya. Da kowa ya watse na zare wejin biyu. Na zaci injin zai faɗi ba kowa a wurin, ya fashe, a ce sakacin makaniki ne, maganarsa ta daina shiga kunne. Injin bai faɗi ba sai da Gado ya taɓa shi."

"Ka kuma miƙa mana Audi."

Sufeto ya juya guntun wejin a hannunsa, ya sake tambaya.

"Me ya hana ka jefa su a tur'a?"

"Na kai bakin ruwa, janabu. Itace ne mai kyau. Garin nan ko kara sai an yi faɗa a kansa. Hannuna ya ƙi saki."

Kofur ya sa masa ankwa. Sufeto ya aika a buɗe wa Audi ƙofa, a kuma gaya wa samari dalili tun kafin ya fito.

Raliya ba ta yi kuka ba. Ta bi su har bakin zaure tana kallon tafin hannunta.

"Mahadi," ta ce, "kana kallo na dafa da shi. Kana kallo na ɗauka na kai wa Asma'u, na ce ta daure ta ci."

Bai waiwayo ba. Aka sa shi a mota.

Iyakar abin da na sani ke nan. Ni da furfura na koyi riƙe alƙalami, don haka duk wanda ya ga kuskure, a suna ko a lafazi, ya gyara mini, Allah ya saka masa da alheri.