Turaren Wuta a Cikin Jita

"Wannan jitar ta sha wuta!"

Abin da manajan shagon ya faɗa ke nan, bayan ya cusa ƙaton hancinsa cikin ramin jitar ya shaƙa har sau uku. Wani guntun mutum ne mai tumbi, ya shaƙe wuyansa da laktaye a wannan zafin na Ikeja. Ko kallona bai yi ba.



Munir ya juyo ya zuba mini ido, ni kuwa na sunkuyar da kai...

Ni ce Radiyya, haifaffiyar Agege, 'yar Alhaji Mato dillalin shanu a abatuwar Oko-Oba. Shekara biyu cur ina rigima da gidanmu saboda Munir. Umma ta ce maroƙi ne. Yayyena suka ce mai kaɗa wayar jita ba mijin aure ba ne. Baba kuwa magana ɗaya ya yi.

"Ya kawo mini shaidar aiki kafin Babbar Sallah. In ba haka ba, kada in ƙara ganin ƙafarsa a ƙofata."

Sai ga damar aiki ta samu. Wani otal ne ke neman makaɗi, amma sai mai jitarsa ta kansa, kuma ta gani ta faɗa. Munir ya sayar da babur ɗinsa na okada ya sayo wannan, sabuwa dal daga Turai, da takardar garanti ta shekara guda. Ranar Asabar za a gwada shi. Idan babu jita babu aiki, idan babu aiki babu aurena.

Ɗakinsa yana yoyo, don haka a ɗakina yake ajiye ta, har da takardar. Ni kuwa duk lokacin da na buɗe jakarta sai warin danshi da na gam ya buge ni. Haba, abin da masoyina zai rungume a ƙirjinsa? Sai na yi mata abin da muke yi wa kayan wanda muke so. Na zuba garwashi a kasko, na barbaɗa turaren wutan Umma na Maiduguri, na kifa kabbasa, kwandon turara kaya, na ɗora jitar na lulluɓe ta da zani.

Washegari katakon da ke riƙe tsirkiyoyin ya ɗago.

Shi ya kawo mu shagon.

"Oga, ka ƙara shinshinawa da kyau," in ji Laila, tana wasa da sabuwar salularta don kowa ya gani. Ita ce mawaƙiyar ƙungiyar kiɗan su Munir. Ba wanda ya gayyace ta, ta liƙe mana tun daga tashar motocin danfo, da wani jan baki kamar ta sha manja. Ita ce ma ta fara ce wa manajan ya shaƙa.

Manajan ya ture jitar da yatsa ɗaya.

"Garanti ba ya ɗaukar ɓarnar wuta. Wa ya yi wannan shirmen?"

Na jira Munir ya ce kuskure ne. Na jira ya ce, "Radi tawa ce, don ni ta yi." Kullum fa haka yake kirana, Radi tawa, sanyin idona.

Sai ya yi wata 'yar dariya, ya nuna ni da baki.

"Oga, ka taimake ni. 'Yar maƙwabtanmu ce na ba ajiya. Ka san 'ya'yan mutanen abatuwa, ban da fata da kayan ciki me suka sani? Ta ɗauka zanin uwarta ne."

Laila ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Manajan ma ya taya ta.

'Yar maƙwabta!

Ni?

Ni da na sha marin Yaya Ridwanu saboda shi? Ni da nake ɓoye masa tuwo a kwanon Baba?

Wallahi ban san zuciya tana iya yin sanyi lokaci guda haka ba. Na dube shi tun daga gashin da ya shafe da mai har zuwa takalmin da ni na saya masa, sai na ga ashe ɗan ƙaramin mutum ne. Ya ɗan kashe mini ido, wai dabara ce yake yi. Tir da wannan dabara.

Na buɗe jakata na zaro takardar garantin, na buga ta a kan teburin, na juya bayanta. Sannan na saki Yarabanci, irin na 'yan Agege, da ƙarfi yadda duk masu sayayya za su ji.

"Oga, karanta nan! Rubutun wane ne? Hatimin wane ne?"

Dariyarsa ta ɗauke.

"Kwana uku da sayen jitar nan muka dawo da ita, saboda tsirkiya ɗaya tana ƙugi kamar ƙuda a kwalba. Mai gyaranku ya duba ya ce wuyanta a karkace ya zo tun daga kamfani. Ya rubuta, ya buga hatimi, ya ce za a canja idan kaya sun iso daga tashar jirgin ruwa ta Apapa. Ni na tsaya a gabansa, lokacin wannan da kake gani yana waje yana kallon salular waccan. Turare kam na yi mata, ban musa ba. Amma gurguwa kuka sayar mana kafin ta ga hayaƙi!"

Mutane suka fara matsowa. Wata mata da ta zo sayen ganga ta ajiye ta ce ita ma a duba mata tata.

Manajan ya sassauta laktayensa.

"Madam, a hankali mana..."

"Au, yanzu na zama madam? A kira mai gyaran!"

Aka kira shi, ya ce rubutunsa ne. Ba a yi rabin awa ba aka fito da wata sabuwa a kwalinta. Ashe kayan sun iso tun makon jiya, masu shagon sun yi shiru ne kawai.

Da muka fito Munir ya biyo ni da gudu, rungume da kwalin.

"Radi tawa! Kin cece ni! Wallahi ke ce..."

"'Yar maƙwabta dai."

"Haba sanyin idona, wasa ne fa! Don ya tausaya mini na faɗa."

"Ka yi ta wasanka."

Na tare danfo na shige. Ta taga na hango Laila tana taya shi riƙon kwalin.

Ranar Asabar aka ɗauke shi aiki.

Ranar Juma'ar da ta biyo, bayan an sauko daga masallaci, sai ga shi da kawunsa da takardar otal a cikin ambulan. Baba ya sa tabarau ya karanta ta tsaf, sannan ya aika a kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofar falo.

"To Radiyya, yaro ya cika alkawari, ni ma zan cika nawa. Kin daɗe kina kuka a kansa. Na ba shi ke."

Munir ya washe baki.

"Baba, ka yi haƙuri," na ce. "Ba na so."

Baba ya cire tabarau ya dube ni.

"Me kika ce?"

"A gaban mutane ya ce bai haɗa komai da ni ba. Ya ce mu mutanen abatuwa ba mu san komai ba sai fata da kayan ciki. A kan katako ya faɗi haka, Baba. Ranar da abin ya fi katako, me zai ce?"

Kawun ya juya ya dubi Munir. 

Baba ya ninke takardar a hankali, ya mayar cikin ambulan, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Allah ya sa albarka a aikin. Ku gaida gida."

Na tashi na shige ɗaki na turo ƙofa. Ina jin Umma a tsakar gida tana hamdala, ni kuwa na kifa kaina a kan katifa na yi kuka har aka kira la'asar. Na raina shi, raini na har abada. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a ranar ma ina son shi.